Kaushin Kiɗa: Abin da Mawaƙan Yankin Kazaure Za Su Koya Daga Mdou Moctar

Yawancin waƙoƙin da matasa ke saurara a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa ba kamfani ne ya fitar da su ba. Mawaƙi ne ke biyan kuɗin situdiyo daga aljihunsa, ya kai wa masu tura waƙa a memori, ko ya ɗora a Audiomack da TikTok. Sai a zaci mai cin gashin kansa irin wannan zai yi kiɗan da ransa ke so. Amma kunne kusan salo ɗaya yake ji: fiyano mai laushi, murya da na'ura ta tace, da baitocin soyayya irin na nanaye. Dalili kuwa a fili yake. Mawaƙin da ba shi da kamfani yana da iyayen gida biyu, mai biki da ɗan siyasa, kuma cikinsu babu mai biyan kuɗi don a tayar masa da hankali.

Tarihin Mahamadou Souleymane, Ba'abzinen jihar Tawa a Nijar da duniya ta sani da Mdou Moctar, ya nuna yadda ake fita daga wannan ƙangi. A 2008 ya zo Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar. Waƙoƙin da harshen Tamashek ya yi su, amma kiɗan da tace muryar duk irin na finafinan Hausa ne. Babu kamfanin da ya tallata kundin a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo har ya ratsa Sahara. A haka Ba'amurken nan Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji waƙar Tahoultine, ya shiga neman mai ita.

Daga nan sautinsa ya fara kaushi. A kundin Ilana na 2019, wanda ya naɗa a Detroit tare da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, jitar lantarki ce ke kururuwa, ganga na bin ta a guje. Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, da kamfanin Matador ya fitar, sun ƙara zafi. Turawa kan kwatanta shi da Jimi Hendrix, amma saiwar wannan kaushi tana gida. Ta farko ita ce bukukuwan aure na Agadas, inda ake ƙure lasifika, kiɗa na ƙara sauri har ƙura ta turnuƙe. Ta biyu ita ce maganar da ke bakinsa: yadda Faransa ta daɗe tana kwasar yuraniyom a Arlit alhali talakan Nijar na kwana cikin duhu, da yadda harshensa ke zamewa daga bakin matasa. Irin wannan magana ba ta zama a kan kiɗan amarya.

Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya rutsa da shi da makaɗansa a Amurka. A can suka sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice da jita marar lantarki, suka fito a 2025 da sunan Tears of Injustice. Ƙarar ta sauka, zafin maganar yana nan daram. Ke nan saƙo ne ya nemi kaushin tun farko.

A nan ne wasu matasanmu ke kuskure. Idan suna son kiɗa mai ƙarfi, sai su kwaso na hip-hop daga intanet su ɗora kurin da ba na rayuwarsu ba. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Bahaushe yana da nasa kiɗan mai tayar da tsikar jiki: kiɗan tauri, na mafarauta, gangar noma, da kalangun dambe irin wanda Ɗan Anace ya riƙa zuga Shago da shi. Har yanzu ana buga irinsu a ƙauyukan ƙasar Hausa bayan kaka.

Gaskiya ne ɗaukar makaɗa zuwa situdiyo ya fi danna kwamfuta tsada. Sai dai taron da ke cika filin dambe shaida ne cewa masu sauraro suna nan. Abin da ya rage shi ne a samu mawaƙin da zai shigo da waɗannan makaɗa cikin kundinsa, ya biya su haƙƙinsu, ya kuma rera abin da ke ci wa mutanensa tuwo a ƙwarya: tsadar taki, zaman banza da ƙwaya.