Daƙiƙa Sittin da Agogo a Hannu

Kowa zai iya ƙirga littattafan da aka raba da azuzuwan da aka shafa wa fenti yana zaune a ofis, fanka na kaɗa shi. Auna abin da ya shiga kan yaro kuwa sai wanda ya taka ƙura.

Kayan aikin ba yawa: takarda mai haruffa, agogo, da fensir. Sunan gwajin EGRA, wato awon karatun 'yan ƙananan azuzuwa. An ƙirƙiro shi a 2006 da tallafin USAID da Bankin Duniya, an kuma yi shi da Hausa a makarantun Sakkwato da Bauci.

Mai awo ba ya barin hedimasta ya zaɓo yara, don ya san gwanayen aji za a turo masa. Ƙuri'a ake yi. Sai ya ja yaro gefe, ya ɗan yi masa hira har fargaba ta sake shi. "Sa yatsanka nan. Fara." Haruffa 100 ne, daƙiƙa 60. In yaro ya yi cak na daƙiƙa 3, sai a nuna masa na gaba, ba tsawa. In layin farko duk ya gagare shi, sai a tsaya, a ce masa madalla, kada a kunyata shi.

Abin da ya fi burge ni a gwajin kalmomin ƙage ne, waɗanda ba su da ma'ana. Yaronmu gwanin hadda ne, yana iya rera shafi guda idonsa na kan taga. Amma kalmar da bai taɓa ji ba, dole ya haɗa baƙi da wasali da kansa.

Wannan rabin aikin ne. Yaro kan ƙaru ko babu tallafi, don haka tun kafin a kashe kwabo ake raba makarantu gida biyu da ƙuri'a, a ba wasu, a bar wasu, a auna duka, bayan shekara ɗaya ko biyu a sake aunawa. Tazarar da ke tsakani ita kaɗai ce rabon tallafin.

Da irin wannan kwatanci Michael Kremer, wanda ya ci kyautar Nobel a 2019, da abokan aikinsa suka gano cewa littattafan da aka raba a yammacin Kenya gwanayen aji kawai suka amfana da su. Littattafan da Turanci suke, yawancin yaran ba sa iya karanta su.