Jinjina ga Malaman Ajin Farko na Tsaron Intanet

Ɗalibi yakan shigo sashen tsaron intanet yana ɗokin ranar da zai cafke ɗan damfara. Sai ya tarar malami ya zaunar da shi gaban kwamfuta, yana koya masa rubuta 'yan layuka a harshen kwamfuta na Python, da yadda manhaja ke karɓar abin da mutum ya shigar mata. Waɗannan malamai nake wa jinjina, na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da na sauran jami'o'inmu, tare da ma'aikatan ɗakin kwamfuta masu tada janareta in an ɗauke wuta.

Aikinsu ba shi da armashi a ido, amma a nan tushen yake. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke kulle bayanai tsakanin mutum da shafin da ya buɗe. Asalinta ɗan ƙaramin sakaci ne: ba a tantance tsawon saƙon da aka turo ba, sai mai kutse ya samu damar kwasar abin da ke ƙwaƙwalwar na'urar, har da kalmomin sirri. Irin wannan tantancewa ce malamin aji ɗaya ke nanatawa har ɗalibai su ƙosa, yana bin aikinsu layi-layi, yana tambaya: in aka shigar da harafi inda ake jiran lamba fa?

Wannan haƙuri ya cancanci yabo. Shugabannin jami'o'i, don Allah ku wadata waɗannan malamai da kwamfutoci da tsayayyar wutar lantarki.