Sharhi a kan fassarar kalmar «écaille» a darasin halittu

Tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, ake koyar da yara da hausa a Nijar, kuma a 2025 hausa ta zama harshen ƙasa. Amma har yau akwai kalmomin ilmin halittu da masu fassara ba su daidaita a kansu ba. Wannan sharhi ya shafi guda daga cikinsu, wato sunan ƙananan alluna masu tauri da ke rufe jikin kunkuru da na kada.

Faransanci na yau da kullum yana da kalma guda, «écaille», wadda ya ɗora wa kifi da maciji da kunkuru, har da fiffiken malam-buɗe-littafi. Mai fassara da ya yi karatunsa da faransanci yakan nemi kalma guda ta hausa da za ta ɗauki wannan kaya duka, sai ya rubuta «ɓawo». A nan kuskuren yake. Su kansu masanan dabbobi ba su tsaya ga «écaille» ba: suna da «scutelle», wadda tushenta latinanci ne, scutum, ma'ana garkuwa.

Bambancin ba na iya magana ba ne. Abin da ke jikin kifi daga cikin fata yake tsirowa, kuma dangin ƙashi ne. Na maciji fatar sama ce mai ninki, wadda yake tuɓewa gaba ɗaya. Na kunkuru kuwa keratin ne, wato abin da aka yi ƙaho da kofato da farce da shi, kuma a shimfiɗe yake bisa ƙashi. A tsakiyar bayan kunkuru ana ƙirga alluna 13: biyar bisa gadon baya, huɗu a kowane gefe. A ƙirji akwai 12. Ɗan makarantar da aka koya wa «ɓawo» kaɗai ba ya iya faɗin wannan lissafi, domin a bakin Bahaushe ɓawon kunkuru guda ne tak.

Abin mamaki shi ne, hausa ta riga faransancin kasuwa rarrabewa. Tana da «saɓa» ga abin da maciji ya tuɓe, da «ɓamɓaroki» ga abin da ake kankarewa, da «ɓawo» da «kwasfa» ga marufi dungum. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tattara kalmomin jama'a masu yawa, sai dai ba don darasin kimiyya aka tsara su ba. Rarraba aiki tsakanin kalmomin ya rage ga masu rubuta littattafan makaranta.

Gurbi guda ne ya saura, na «scutelle», kuma hanyoyi uku ne a buɗe. Aro, a ce «sikutal», bai gaya wa yaro komi ba. «Sulke» ya fi armashi, amma sulke zobba ne da aka sarƙa, kuma sunan rigar ce duka, alhali allo guda ake son a ambata. Saura «garkuwa». Ita abu guda ce, mai faɗi, mai tauri, mai kariya. In an ce «garkuwar ƙaho», an faɗi aikin abin da kuma asalinsa. Za a iya cewa fassarar latinanci ce kawai. Gaskiya ne, amma hoton ya zauna a hausa ba tare da tilas ba.

Ana gwada kalma da dabbar da ta ƙi shiga ƙa'ida. Ƙififiyar ruwa mai taushin baya tana da ƙashin baya, amma fata ce ta lulluɓe shi. Da sabon suna malami zai ce: tana da ɓawo, ba ta da garkuwar ƙaho. Kada kuwa yana da garkuwar ƙaho, ba shi da ɓawo. Kalma guda ba ta iya raba waɗannan biyu.

Maganar ta wuce aji. A 2016 ƙasashen yarjejeniyar CITES suka haramta cinikin ɗankunya tsakanin ƙasashe, dabbar da ake kashewa saboda allunan keratin da ke jikinta. Ma'aikacin gandun daji ko na kwastan da zai rubuta rahoto da hausa yana bukatar sunan da ba za a ɗauka ɓawon gyaɗa ba. Ya kamata ke nan a gwada wannan suna a bakin mafarauta da masunta na Gaya da Madarumfa kafin a sa shi cikin littafi. In suna da kalmarsu, ita ce ta fi cancanta.