Jinjina ga Uwayen Adashi na Gwarzo da Kabo

Adashi, wato tsarin da mutane ke zuba kuɗi daidai wa daida a kowane mako ko ranar kasuwa, sannan ɗaya daga cikinsu ya kwashe jimlar idan layi ya zo kansa, ya daɗe yana tsaya wa matan Getso a Gwarzo da Garo a Kabo da ƙauyukan da ke kewaye da su a matsayin banki. Ginshiƙinsa kuwa ita ce uwar adashi, matar da ake danƙa wa amanar zubi, wadda ke aika yarinya gida-gida ta karɓo, ta ƙulle kuɗin a bakin zani ko ta adana a cikin kwalla, ta kuma riƙe lissafin kowa ko da ba ta rubutu.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne yadda takan duba buƙata wajen jera kwasa, ta roƙi sauran mata su bar wa mai son sayen keken ɗinki, ko mai neman jarin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta fara ɗauka. Idan wata ta gaza zubi, sau da yawa ita ke cikewa daga aljihunta, don kada amana ta karye. Ladan da ake ba ta bai kai wahalarta ba.