"Wannan Ba Zai Yiwu Ba": 'Yan Kallo da Tuhumar Gaskiya a Wasannin Talabijin Masu Dogon Zango

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama cikin masu kallon wasan kwaikwayo na talabijin, a tsakar gida ne ko a ɗakin hutun malamai ko a teburin mai shayi, ya sha jin wani ya ja tsaki ya ce, "Haba, ai wannan ba zai yiwu ba!" Abin mamaki kuwa, mai wannan magana ba ya tashi ya bar wurin, mako mai zuwa ma shi ne zai riga kowa zama. Mu malaman adabi mun saba sallamar irin wannan ƙorafi da cewa ai wasa ne, ba tarihi ba, sai ka ce mai kallon bai san da haka ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa amsar tamu ta gaza. Mai kallo yana da ma'aunin da yake auna wasa da shi, kuma ma'aunin nan ya cancanci manazarta su saurare shi, su rarrabe inda ya yi daidai da inda ya yi zalama.

2.0 Asalin Wasa Mai Dogon Zango

Irin wannan wasa ya samo tushe ne a gidajen rediyon Amurka a shekarun 1930, inda kamfanonin sabulu suka riƙa ɗaukar nauyinsa domin su tallata hajarsu ga matan aure da rana. Dalilin da ya sa Turawa suke masa laƙabi da wasan sabulu ke nan. Siffarsa ita ce ba a shirya shi don ya ƙare da wuri ba, kuma akan yanke kowace fitowa a daidai inda ran mai sauraro ya rataya.

A ƙasar Hausa, wasan rediyo ya riga na talabijin, har wasu daga cikin wasannin Shu'aibu Maƙarfi sun fito a rediyo kafin a buga su a littafi. Bayan buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962, an sami wasanni irin su Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, da Karambana wanda marigayi Ƙasimu Yero ya yi fice a cikinsa, da Karkuzu daga Jos. Amma galibin waɗannan, taurarin ne suke ɗorewa, labarin kuwa yakan ƙulle ya warware a zama guda. Labari ɗaya mai miƙewa shekara da shekaru ya kankama ne sosai bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, wadda ta kawo Daɗin Kowa, sa'an nan Kwana Casa'in a 2019. A 2020 aka fara nuna Labarina na Aminu Saira, Izzar So kuma ya sami karɓuwa a YouTube. Da labari ya yi tsawo, sai ƙorafin 'yan kallo ma ya yi yawa, kuma akwai dalili.

3.0 Alkawarin da ke Tsakanin Mai Labari da Mai Sauraro

Bahaushe ba baƙon ƙarya ta hikima ba ne. Ya tashi yana jin Gizo yana magana da Ƙoƙi, kura tana zuwa kasuwa, bai taɓa cewa ba zai yiwu ba. Ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ya bi Alhaji Imam har ƙasar aljannu, bai nemi shaida ba. Dalili shi ne, tun daga buɗe baki tatsuniya ta gaya masa irin duniyar da za a shiga, a rufewa kuma mai ba da ita yakan jingina ƙaryarsa ga Gizo. Watau an yi alkawari, an kuwa cika.

Wasan talabijin mai dogon zango alkawarinsa daban ne. Yana nuna wa mai kallo unguwa irin tasa, da mai gadi, da dillaliya, da malamin tsibbu, da 'yan gudun hijira, da maƙwabciya Kirista kamar Stephanie ta Daɗin Kowa. Ko da yake sunan garin ƙagagge ne, abin da wasan yake cewa shi ne, "Ga rayuwarku nan." Wanda aka ce wa ga hotonka kuwa yana da ikon ya ce hancin bai yi kama ba. Tun da daɗewa Aristotle ya lura cewa a fagen wasa, abin da ba ya yiwuwa amma hankali ya karɓe shi ya fi abin da yake yiwuwa amma hankali ya ƙi shi. Saboda haka idan mai kallo ya ce ba zai yiwu ba, sai mu tambaya: wane irin rashin yiwuwa yake nufi? A iya saurarona, ƙorafin ya kasu gida uku.

4.0 Ire-iren Ƙorafin 'Yan Kallo

4.1 Kuskuren Zahiri

Na farko shi ne wanda masu sana'a suke yi idan aka taɓa sana'arsu. Lauya yana ganin an kama mutum yau, gobe alƙali ya yanke masa hukunci a zama ɗaya. Ma'aikaciyar jinya tana ganin likita ya taɓa wuyan marar lafiya ya faɗi cutar da sai an yi gwajin jini ake gane ta. Malamin fiƙihu yana lissafi, ya ga matar da mijinta ya rasu ta fito ana zancen aurenta alhali wata huɗu da kwana goma na takaba ba su cika ba. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma maganinsa ba wuya: marubuci ya tambayi masu abin. Abin da ya sa Samanja ya zauna a zukatan mutane har da tsofaffin sojoji shi ne Usman Baba Pategi ya yi aikin soja da kansa, ya san Hausar bariki da yadda kofur yake tsayuwa gaban na sama da shi. Barkwanci ne zalla, amma bisa harsashin sani aka gina shi.

4.2 Abin da Ake Gani Ya Fi Ƙarfin Rayuwa

Na biyu ya fi wuyar hukunci. A Kwana Casa'in, Malam Adamu, mutumin da ba shi da tarin dukiya, ya kayar da gwamna mai ci, Bawa Maikada, a ƙagaggiyar jihar Alfawa. Na sha jin ɗalibaina suna cewa wannan sai dai a wasa. Nakan tuna musu cewa a 2003 Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya fito daga aikin koyarwa da aikin gwamnati, ya kayar da gwamna mai ci a Kano. Ashe ke nan abin ya taɓa faruwa a gaban iyayensu. To, a nan ƙorafin yana gaya mana wani abu ne game da mai kallon kansa, watau yadda ya yanke ƙauna daga siyasa, fiye da yadda yake gaya mana aibin wasan.

Haka kuma a zangon Labarina da aka kawo labarin Al'amin Mainasara, attajirin da ya ɓad da kama ya shiga rigar talauci domin ya gane mai son sa tsakani da Allah. Masu tuhuma suka ce a zamanin wayar salula, da hoton kowane mai kuɗi yake yawo a hannun yara, ina irin wannan mutum zai ɓuya? Tambayar tana da ƙarfi. Amma jigon tsoho ne ƙwarai, domin masu karanta Dare Dubu da Ɗaya sun san yadda Haruna Rashidu yake sauya tufafi ya zaga Bagadaza da dare. Kuma waɗanda suka yi tuhumar ba su fasa kallo ba. Wata manazarciya, Ien Ang, ta yi nazarin wasiƙu 42 da masu kallon wasan Dallas na Amurka suka aiko mata a ƙasar Holan, a littafinta da ya fito da Ingilishi a 1985. Ta gano cewa da yawansu sun san rayuwar attajiran man fetur na Texas ba tasu ba ce, amma suna ganin wasan gaskiya ne ta fuskar abin da zuciya take ji: kishi, da cin amana, da rikicin gado. Haka abin yake ga Mainasara. Dabarar ɓuyan tana da rauni, amma tsoron da ke ƙarƙashinta, watau ko ni ake so ko abin hannuna, kowane gida ya san shi. Mai kallo yakan yafe raunin dabara muddin ciwon da aka taɓa nasa ne.

4.3 Karya Alkawarin Labari

Na uku shi ne wanda ba a cika yafewa ba, kuma shi ne ya fi damun wannan takarda. A 1985 ɗan wasan da yake fitowa a matsayin Bobby Ewing a Dallas ya bar shirin, sai aka kashe Bobby a labarin, 'yan kallo suka yi makoki. A 1986 ɗan wasan ya dawo, sai marubuta suka ce ai duk abin da aka gani a zangon da ya gabata mafarki ne tsohuwar matarsa ta yi. Mutane sun fusata, har yau kuma ana buga misali da wannan. Mafarki ba abu ne da ba ya yiwuwa ba. Abin da ya ɓata musu rai shi ne an sa su kuka shekara guda, sa'an nan aka ce musu hawayen na banza ne.

Mu ma mun ga makamancin wannan. A Labarina na farko an kashe Mahmud, wanda mutane da yawa suka ɗauka shi ne ginshiƙin soyayyar labarin, daga baya kuma aka wayi gari Fati Washa ce take fitowa a matsayin Sumayya a madadin Nafisa Abdullahi. Mutuwar saurayi ba baƙon abu ba ce a duniya. Amma mai kallo yana iya bambanta mutuwar da labari ya haifa da mutuwar da ta faɗo daga bayan fage. Idan ya ji a jikinsa cewa sha'anin masu shiri ne ya juya alƙalami, sai labulen ya yaye, ya daina ganin mutane, ya koma ganin 'yan wasa.

Wannan cuta ce ta dogon zango ita kanta. Shirin da ya karɓu ba a son a tsayar da shi, domin talla tana shigowa. Labarin da aka auna wa zango biyu sai a ja shi zuwa biyar. Daga nan sai a shiga rancen dabaru: ɗan da ya ɓace tun yana jariri ya bayyana, mai hatsari ya manta kowa, mugu ya tuba yau ya koma gobe ba tare da sanadi ba. Bahaushe yakan karɓi irin waɗannan a fim ɗin Indiya da aka fassara, domin can nesa ne. A bakin wanda yake sanye da hula irin tasa kuwa, sai su yi masa ɗaci.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ina ganin bai kamata mu ci gaba da yi wa ƙorafin 'yan kallo kuɗin goro ba. Na farko kuskure ne da tambaya take gyarawa. Na biyu sau da yawa madubin mai kallon ne, kuma abin nazari ne ga masu binciken halayyar jama'a. Na uku kuwa sukar adabi ce sosai, ko da a bakin mai shayi ta fito, domin tana magana ne a kan sanadi da daidaiton hali, waɗanda su ne muke koyarwa a aji da sunan zubi da tsari.

Shawarata ga marubuta ita ce su san ƙarshen labarinsu kafin su ɗora kyamara, su kuma yi ƙarfin halin rufe shi idan ya kai. Ga 'yan'uwana malaman kwalejojin ilimi kuwa, ɗalibanmu da za su je su koyar da Jatau Na Kyallu da Uwar Gulma sun fi sanin Alfawa da garin Daɗin Kowa. Idan ɗalibi ya ce wani abu ba zai yiwu ba, kada mu rufe masa baki. Mu sa shi ya faɗi dalili, ya nuna a wace fitowa aka shuka abin, a wace kuma aka kasa girbe shi. Ta nan ne tsakin da ake ja a tsakar gida zai zama darasin nazari.