Fushi cikin iska: abin da fim ɗin Amina Weira ya nuna da abin da ya bar mana

A shekarar 2016 ne Amina Weira, ɗiyar garin Arlit, ta fitar da fim ɗinta mai suna La colère dans le vent, wato fushi cikin iska. Tsawonsa minti 54, kuma babu ɗan wasa ko ɗaya a ciki, mutanen gari ne ke magana da bakinsu. Ginshiƙin labarin shi ne mahaifinta, wanda ya yi shekara 35 yana aikin haƙar ƙarfen uraniyom kafin ya yi ritaya. Tun daga lokacin abubuwa da dama sun sauya: kamfanin Areva ya koma Orano a 2018, mahaƙar COMINAK ta rufe a ƙarshen Maris na 2021, gwamnati kuma ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a watan Yuni na 2025. Saboda haka ya dace a sake zama a kalli fim ɗin, a auna abin da ya faɗa da abin da ya rage a faɗa.

Matsala ta farko da mai fim ɗin ta fuskanta ta sana'a ce. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to amma yaya za a ɗauki hoton gubar da ba ta da launi, ba ta da wari? Dabarar da ta yi ita ce ta bi iska. Idan guguwar rairayi ta taso ta lulluɓe gari, kowa ya nemi mafaka, harkoki su tsaya, sai mai kallo ya tuna cewa wannan ƙurar ta ratso ta kan tarin sharar mahaƙa kafin ta sauka cikin randa da akushi. Ta haka abin da ido ba ya gani ya sami jiki. Dabara ta biyu ita ce haƙurin saurare. Ba baƙuwa ce ta zo da tambayoyi ba, ɗiya ce ke bin mahaifinta zuwa wurin abokan aikinsa na da, shi ya sa dattawan suka saki jiki suna zancen cututtukansu da na waɗanda suka rigaye su. Wannan amana ita ce babbar dukiyar fim ɗin.

Sai dai a nan ne kuma iyakarsa take. Wanda bai san tarihi ba yana iya tashi da tausayi kaɗai, ya ɗauki ƙurar Arlit tamkar hazon hunturu, abin da ba a tuhumar kowa a kansa. Alhali kowace mahaƙa tana zaune ne bisa takardun da mutane suka rubuta, suka sa wa hannu. Kokuwar da talakawa suka yi da kamfanin a kan waɗannan takardu ita ce rabin labarin da ya kamata mai kallo ya riƙe a zuciya.

Wannan kokuwa ta faro ne daga Arlit ɗin kanta. Almustafa Alhasan, ma'aikacin SOMAIR, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Aghir In'Man a farkon shekarun 2000, suka gayyato masana na cibiyar CRIIRAD ta Faransa a watan Disamba na 2003, daga baya ƙungiyar Greenpeace ta zo a 2009. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna gubar a cikin ruwan wasu rijiyoyi, a kan wasu tituna, da jikin tsoffin ƙarafan mahaƙa da ake sayarwa a kasuwa. Kuka ya koma alƙaluma, alƙaluma kuwa ba a share su da jawabi. A 2017 aka ba Almustafa lambar yabo ta Nuclear-Free Future Award saboda wannan aiki.

Daga nan magana ta koma Yamai. Dokar ma'adinai ta 2006 ta tanadi cewa kason da ƙasa ke karɓa zai iya tashi daga kashi 5,5 har zuwa 12 cikin 100, ta kuma ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙar. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010, a ayarsa ta 148, ya ce arzikin ƙarƙashin ƙasa na al'ummar Nijar ne, aya ta 150 kuma ta wajabta buga yarjejeniyoyin haƙa a jaridar gwamnati. Amma Areva ta tsaya kan cewa tsoffin yarjejeniyoyinta sun kare ta daga sabon haraji. Da wa'adinsu ya cika a ƙarshen 2013, sai ƙungiyoyin farar hula, musamman ROTAB ta Ali Idrissa, suka fito kan titi suna neman abu ɗaya tak: a yi wa kamfani hukunci da dokar da majalisa ta riga ta zartar. Ranar 26 ga Mayu 2014 Areva ta amince da dokar 2006. Abin lura shi ne shekara takwas doka na kwance, sai da masu zanga-zanga suka tashe ta.

Irin wannan darasi ya sake bayyana a wani fage na dabam. Dokar kasafin kuɗin 2018 ta ƙara wa magidanta haraji, ta kuma yafe wa kamfanonin salula harajin kiran da ke shigowa daga waje. Ƴan majalisa suka amince, farar hula suka ƙi. Ranar 25 ga Maris 2018 aka kama Ali Idrissa, Musa Cangari da Nuhu Arzika, suka yi wata huɗu a kaso. A kasafin 2019 aka maido da harajin. Wanda ya karanta doka aya bayan aya ya fi mai ihu kawai tayar wa masu iko da hankali.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da kundin 2010, aka rushe majalisar dokoki. An karɓe lasisin Imuraren daga hannun Orano a 2024, sannan SOMAIR ta biyo baya. Jama'a da yawa sun yi murna, kuma murnar tana da dalili. To amma sharar da COMINAK ta bari, wajen tan miliyan 20, ba ta san an sauya mai gida ba, iska kuma ba ta daina busawa ba. Tambayoyin da aka yi wa kamfanin Faransa jiya, su ne za a yi wa gwamnati da duk wanda ta ɗauko abokin hulɗa: wa ke auna ruwan sha, wa ke jinyar tsoffin ma'aikata, ina kason ƙananan hukumomi, ina takardun yarjejeniya? Idan babu ƙungiya mai ƴancin yin waɗannan tambayoyi, to mallakar ƙasa za ta tsaya a suna.

Ga malamai da ƙungiyoyin al'adu, shawarata ita ce kada a nuna fim ɗin shi kaɗai. Bayan an kunna fitila, a ɗauko ayoyin dokar ma'adinai a fassara su da Hausa tare da ɗalibai, a nema wa kowace kalmar shari'a takwararta, har yaro na Tasawa ko Birnin Ƙwanni ya iya bayyana wa kakarsa abin da kashi 15 cikin 100 ke nufi. Amina Weira ta sauke nata nauyin, ta sa mun ga ƙurar. Koya wa yara karanta takardar da ke bayan ƙurar aikin ɗakin aji ne.