Katin da Ke Rufe Mataki a Super Mario Bros. 3

Masu sharhi kan tsofaffin wasannin bidiyo sun saba cewa katin da ake ɗauka a ƙarshen mataki a Super Mario Bros. 3 caca ce aka cusa wa yara: hoto na juyawa, ka yi tsalle, abin da ka samu shi ne rabonka. Duk mai faɗin haka bai daɗe yana buga wasan ba. A ganina, cikin dabarun da wasannin tsalle-tsalle suka ƙirƙiro don rufe mataki, babu wadda ta kamo ƙafar wannan kati.

A 1985 Nintendo ta kafa sandar tuta a ƙarshen matakan Super Mario Bros., inda maki ke tashi daga 100 zuwa 5,000 gwargwadon inda ka kama sandar. Castlevania na kamfanin Konami, a 1986, yakan sauko da jar ƙwallo bayan an kashe babban dodo, ka ɗauka a wuce. Super Mario World ya zo a 1990 da igiya mai hawa da sauka tsakanin ginshiƙai biyu, Sonic kuma a 1991 ya kawo allon da ke juyawa da ƙaton zobe ga wanda ya iso da zobba 50. Katinmu ya fito a tsakiyar wannan jeri, a Japan, cikin Oktoban 1988, daga hannun Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka da abokan aikinsu.

Idan Mario ya kusa ƙarshe, shuɗin sama da tsaunuka sukan yanke da baki mai haƙora kamar na zarto, sai baƙin fili. A tsakiyarsa akwai akwati a rataye, a ciki hotuna uku na musanya da sauri: laimar kwaɗi, fure, tauraro. Wanda ka taɓa shi zai sauka cikin ɗaya daga gurabe uku da ke ƙasan allo ta dama. Idan guraben suka cika da kati mabambanta, rai ɗaya za a ƙara maka. Laimar kwaɗi uku rai biyu, fure uku rai uku, tauraro uku rai biyar, har da hoton abin a sararin sama da kiɗan murna.

Abin da masu sukar ba su lura da shi ba shi ne juyawar tana da tsari, kuma tana farawa ne lokacin da akwatin ya shigo allo. Saboda haka gudunka ne ke yanke abin da za ka tarar. Wanda ya danne maɓallin gudu na B tun daga nesa har ma'aunin gudu na P ya cika yana fito, ya shigo baƙin filin a guje, ya tashi a karkace ya doki akwatin ta kusurwarsa ta ƙasa, kusan kullum tauraro zai samu. Wanda ya shigo yana ɗari-ɗari, ya tsaya ƙarƙashin akwatin yana ƙidayar hoto da ido, shi ne ke caca, kuma shi ya zaɓa wa kansa. Katin yana tambayarka yadda ka bi taku ashirin na ƙarshe: ka san inda ramin ƙarshe yake har ka tsallake shi ba tare da rage gudu ba? Ka tuna da maƙiyin da wani lokaci ake ajiyewa a bakin duhun don ya karya maka hanzari? Sandar tuta tsalle ɗaya take aunawa. Kati yana auna sanin hanya.

Sannan ga ɗaurin da yake yi wa matakai. Tuta idan ta sauka, magana ta ƙare. Kati kuwa bashi yake bari. Mai tauraro biyu a aljihu ba ya shiga mataki na uku da zuciya irin ta wanda bai da komai. Hannunsa na gumi tun daga farko, domin fure ɗaya zai mayar da rai biyar ya koma ɗaya. Da hotuna uku kacal aka ɗinke matakai uku suka zama labari guda mai farko da tsakiya da ƙarshe. Ko maƙiyan da suka biyo ka cikin duhun ba a bar su a banza ba, da ka taɓa katin sai su rikiɗe su zama sulalla, har gwanaye kan janyo su da gangan.

Na san akwai masu fifita tauraron Super Mario 64 na 1996, guda 120 da ake farauta a lungu-lungu. Wasa ne babba, ban musa ba. Amma wahalarsa a neman tauraron take. Da ka gan shi, ɗaukarsa tafiya ce kawai, hannu ya riga ya huta. Ƙwallon Castlevania ma haka, rasit ne na aikin da aka gama.

Shi kuwa baƙin filin yana da ma'anarsa. Super Mario Bros. 3 yana buɗewa da ɗaga labule, duwatsunsa suna da ƙusoshi kamar kayan ado na dandamali, kuma a 2015 Miyamoto ya amsa cewa lallai wasan kwaikwayo ne gaba ɗayansa. Wato duhun nan bayan fage ne, kuma ko a can ba a karɓe wasan daga hannunka ba sai ka yi motsi na ƙarshe da kanka.

Wannan ne ma'aunin da nake ɗora kowane wasa a kai. Yawancin wasannin waya na yau sukan tsayar da kai, su buɗe akwatin kyauta da kansu, su watso maka abin da na'ura ta zaɓa, wani lokaci su ce ka kalli talla a ninka maka. Wanda ke neman caca a wasan yara, can zai same ta. Mai shakka kuma ya nemi tsohon kaset ɗin, ya shiga matakin farko, ya danne B kada ya saki, ya ga ko sa'a ce ke ba da tauraro.